Sallama a Cikin Tsohon Faifai

Azare
6 ga Maris, 2006

Zuwa ga Yayana Uzairu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Anti Sa'adiyya da yara. Ya Legas, ya kasuwa? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara buɗe ido. Ummi tana gaishe ka, ta ce a tuna maka alkawarin takalmi mai wuta.

Bayan haka, Yaya, na je wajen mai wayar kuɗi ta ƙarƙashin lema a bakin tasha don in kira ka. Har na miƙa mata lambarka, sai na karɓe abata. Maganar ba ta tsayuwa ba ce a gaban 'yan acaɓa, yarinya tana kallon agogo tana ƙirga mini minti. Shi ya sa na zauna na rubuto.

Kwamfutar Abban Ummi ce ba lafiya. In na kunna ta sai ta yi ta wani ƙas-ƙas-ƙas daga ciki kamar ɓera ya sami gyaɗa, ta daɗe kafin ta buɗe, wani lokaci ina tsakiyar buga wa ɗaliban kwaleji takarda ta sandare. Na kira Mamman mai gyara na layin kasuwa. Ya kara kunne, ya ce faifan ajiyarta ne ya gaji, wannan da kuke kira had-dis. Wai in sayi sabo ya zuba mini sabuwar Windos, ya kwashe takardun mutane ya mayar, sauran kuma fomatin, wato a goge komai. Yana faɗa yana murmushi, shi a ganinsa albishir yake mini.

Akwai abin da ba ka sani ba. Ka san ɗan kiɗan nan da kwamfuta ke yi in ta buɗe? Kafin tafiyarsa Kano da bai dawo ba, ya cire kiɗan ya sa muryarsa. In ta buɗe sai ka ji ya ce, "Salamu alaikum, mutanen gidan nan. An tashi lafiya?" Sai 'yar dariya a ƙarshe, don ranar da yake ɗauka ina bakin ƙofa ina masa tsiya. Shekara biyu ke nan kullum safiya shi ke fara yi mana sallama, ni da Ummi mu amsa. Tana rarrafe ya rasu. Abin da ta sani na ubanta ke nan.

Na roƙi Mamman ya nemo muryar ya kwafe mini ita. Yana cikin nema ta sandare, ƙarar ta ƙaru, na ce ya ɗauke hannunsa. Kuma in gaya maka gaskiya, ba muryar kaɗai nake so ba. Hoton da ya sa a fuskarta, katin sunan da ya fara bugawa bai gama ba, har wurin ajiyar da ya raɗa wa suna Shirgin Suwaiba, duk suna nan yadda ya bari. Ɗakinsa ne, Yaya. Ina kewarsa, kuma nan ne kaɗai nake shiga in same shi.

Kai ne mai sana'ar. Ana iya ɗauke komai gaba ɗaya a mayar cikin sabon faifai ba tare da an taɓa ko tsinke ba? In ana iyawa, ka faɗa mini. In ba a iyawa ma ka faɗa mini, kada ka lallashe ni.

Ka huta lafiya.
Ni ce ƙanwarka,
Suwaiba

*

Ikeja, Legas
17 ga Maris, 2006

Suwaiba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun Bubayero direban tirelar shanu, tana warin abin da kika sani. Duk muna lafiya. Ki ce wa Ummi takalmi na nan tafe, kawunta ba ya cin alkawari, jinkiri kawai yake yi.

Na karanta a shago, sai da na fita baya na tsaya. Gali abokina ne tun muna firamare kafin ya zama mijinki, kuma wannan aikinsa ne sak. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ana iyawa. Ga sabon faifai na ba Bubayero a cikin kwali, da sidi guda, da bayanin da na rubuta wa Mamman dalla-dalla. Abin da ke kan sidin zai kwafe tsohon faifan kaf, Windos da murya da shirginki, ya zuba a sabon. Ki gaya wa Mamman in ya furta kalmar fomatin a gidan nan, ni da shi ne.

Amma kin ce kada in lallashe ki, to ga gaskiya guda biyu.

Ta farko, daga yau kada ki sake kunna ta. Faifan da ya fara wannan ƙara kwanansa ya kusa, kuma kowace kunnawa tana rage masa. Ƙarfin da ya rage a jikinsa muna bukatarsa ranar kwafi, don karatu ne mai tsawo daga farko har ƙarshe. Na san abin da nake nema a wurinki. Ki yi haƙuri ki rufe ta da zane. Aikin ɗalibai ki kai shagon Mamman kafin nan.

Ta biyu, Windos ɗin Gali ta gaskiya ce, ba irin ta bakin titi ba. Ni na raka shi ya saya, har na yi masa dariya. Irin wannan tana gane jikin da aka sa ta, tana kuma lura da duk abin da aka canza. Canjin faifai shi kaɗai bai cika tayar mata da hankali ba, amma kin san mijinki, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ya canza memori, ya canza na'urar sidi, ban san me da me ba. Wannan na iya zama wanda zai cika mudun. Ga shi kuma tsohon faifan ya riga ya sami tabo, sai an yi wa Windos ɗin gyara bayan kwafi, a nan kuwa dole ta nemi lambarta ta asali, haruffa da lambobi ashirin da biyar. In an ba ta, sai a kira kamfanin su tabbatar, wannan ni zan yi daga nan. In babu lambar, za ta kulle ƙofa tun kafin a kai inda Gali ke sallama. Muryar ƙila mu ɓalle mu zaro ta, amma ɗakin da kike magana ya tafi.

Lambar tana kan wata sitika mai ƙyalli a jikin akwatin kwamfutar, a gefe ko a baya. Ki duba ki kwafe ta tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada Mamman ya ɗaura komai sai tana hannunki.

Ki gaida mutanen gida. Ni ma Azare tana raina, ko kilishin nan ba ya yi mini daɗi.

Yayanki,
Uzairu

*

Azare
29 ga Maris, 2006

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Kwali ya iso lafiya, na gode, Allah ya ƙara buɗi.

Babu sitika. Na duba gefe, na duba baya, na kifa akwatin na duba ƙasa, Mamman ya kwance ya haska ciki da tocila. Na zauna ina ta tunani har Allah ya tuna mini. Ba wannan ne akwatin farko ba. Shekarar da aka haifi Ummi ya sayo wannan baƙin, ya kwashe kayan ciki ya mayar, shi kuma tsohon, mai ruwan madara, ya tafi da shi Katagum ya ajiye a gidan Hajiya mahaifiyarsa. Sitikar tana can, in ba a ba 'yan gwangwan ba.

Ka san rabona da Katagum tun fita takaba. Ka san kuma dalili. Ranar da aka kawo gawarsa Hajiya ba ta zubar da hawaye ba, ba ta ambaci sunansa ba, abin da kawai ta ce shi ne, "Akwati ya kira shi, ya amsa," don kayan kwamfuta ya tafi sayowa. Mutane sun ce mini kunyar ɗan fari ce, tun yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko kallonsa ba ta yi a gaban jama'a. Na sani, mu ma a gidanmu an yi. Amma ranar ban iya ɗauka ba. Da ta ce in bar mata Ummi, tunda sunanta aka sa mata, na ce uwar da ba ta yi kukan ɗanta ba ba zan bar mata 'yata ba. Ba a gabanta na faɗa ba, amma magana ba ta kwana inda aka ajiye ta.

Duk da haka na rubuta mata, na ce ta sa Hauwa ƙanwarsa ta kwafo mini lambar. Ban ambaci murya ba. Wanda ya ce ba ya son ganin abu, ba ka kai masa labarinsa.

Sai abu na biyu, kuma kada ka yi faɗa. Na kunna ta sau ɗaya. Safiya bayan safiya gidan nan shiru, ni ina daurewa, amma shekaranjiya Ummi ta ƙi karyawa, ta je ta ɗaga zanen ta ce, "Abba fushi yake da mu?" Na kunna. Ta daɗe ƙwarai tana ƙas-ƙas. Da muryar ta zo sai ta ce "Salamu alai" ta tsaya, sannan ta ƙarasa. Na kashe da sauri, na zare wayar wutar na ba maƙwabciyata ajiya, na ce ko na zo ina kuka kada ta ba ni.

Ban san safiya tana da tsawo haka ba.

Ƙanwarka,
Suwaiba

*

Katagum
4 ga Afrilu, 2006

Zuwa ga Suwaiba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni Hauwa nake rubutawa, Hajiya ke faɗa, ta ce kada in ƙara kada in rage.

Ta ce tana amsawa. Ta ce ashe kin san hanyar da takarda ke bi ta zo Katagum. Ta ce ya takwararta, tana jin an ce har ta yi baki.

Ta ce akwatin wancan yaron yana nan, ba wanda ya ba 'yan gwangwan, ba a zubar da kayan mutane a gidan nan. Amma kazarta wake-wake ta yi ƙwai a ciki, tana kwanci. Akwatin a kwance yake, kuma abin ƙyallin da kike nema ba ya sama, ba ya gefe, ke nan yana ɓangaren da ke ƙasa. Ta ce tunda take ba ta taɓa tayar da kaza daga kwanci ba, ba kuma za ta fara don lamba ba. In aka motsa ƙwan suka lalace, alhakin wa? Lamba ba ta da rai, ta jira.

Ta ce kuma ko an ƙyanƙyashe ba za ta sa a kwafa a aiko ba. Idonta ba ya ganin rubutu, Hauwa kuma garaje gare ta, in aka yi kuskure a ce da gangan ne. Mai lamba ta zo ta karanta abarta da idonta. Ta ce zumunta a ƙafa take, ba a ambulan ba. In za ki zo kada ki zo ke kaɗai, kin san abin da take nufi.

Ta ce ga bandar kifi nan a leda, ba naki ba ne, na yarinya ne.

Wassalam.

Anti, ni ce Hauwa yanzu, ba ta san na ƙara ba. Akwatin ba a tsakar gida yake ba, a ɗakinta yake, gefen gado. Kazar ce ta bi shi ciki. Don Allah ki zo.

*

Ikeja, Legas
12 ga Afrilu, 2006

Suwaiba,

Sallama da gaisuwa. Na ga takardarki da ta Hajiya da kika haɗo. Na yi dariya har yaran shago suka leƙo. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami, wannan kuwa a kan lambar da muke nema daga Legas har Azare ta kwanta.

Ba zan yi faɗa a kan kunnawar ba. Da ni ne ma da na kunna. Amma tsayawar nan da muryar ta yi ba alama ce mai kyau ba, tabon ya kusa inda take. Faifai ko a kashe yake zafin Azare ba ya masa alheri. Kada a wuce wannan watan.

Zan iya sa Mamman ya zuba miki wata Windos da wata lamba, amma kin riga kin gaya mini ba abin da kike so ke nan ba. Saboda haka ki shirya Ummi ku tafi. Tsohuwar da ta ajiye fankon akwati a gefen gadonta shekara da shekaru, ke kika san ko ta yi kuka ko ba ta yi ba? Ni dai ban ce komai ba.

Yayanki,
Uzairu

*

Azare
24 ga Afrilu, 2006

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mun je, mun dawo.

Na shirya maganar da zan yi, na shirya wadda zan mayar in an yi mini, duk ba su yi amfani ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar jiya muka rabu, ta tambayi hanya, ta tambayi zafi. Sai ta jawo Ummi ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wannan goshin ba namu ba ne." Goshinsa ne, Yaya, kowa ya sani. Ba ta sake ta ba har aka kawo abinci.

Kazar ta ƙyanƙyashe kafin mu zo. Hauwa ta share akwatin ta juya shi, ga sitika nan tana ƙyalli, ko ƙwarzane babu, don Hajiya ta shimfiɗa masa buhu a ƙasa saboda sanyin daɓe. Na fito da biro ina kwafa. Hajiya tana bakin gado tana jan carbi, ta ce, "Duk wannan wahala don akwati?"

Kafin in buɗe baki Ummi ta ce, "Abba ne a ciki. Kullum yana mana sallama, yanzu ba shi da lafiya."

Ba yadda zan yi, na faɗa mata komai, har kalmomin da yake faɗa da dariyar ƙarshe. Ba ta dube ni ba. Carbin ne kawai ya tsaya a hannunta. Can ta ce wa Hauwa ta je ta duba ko an ba 'yan tsaki tsaki, alhali ita da kanta ta ba su muna zaune.

Washegari na fito da shirin tafiya na tarar da ita a zaure da mayafi da ƙullin kaya. Ta ce gwiwarta ce ta matsa mata, za ta ga likita a Azare. Hauwa ta ce wace gwiwa, Hajiya ta harare ta. Ta kuma ce takardar da na kwafa ba abin yarda ba ce, a tafi da akwatin gaba ɗaya. Ɗan kamasho ya so ya sa shi a but, ta hana. A cinyarta ta riƙe shi daga Katagum har Azare, fankon ƙarfe mai warin kaji, duk wanda ya yi magana a motar ta ce nata ne.

Yanzu tana nan ɗakina. Ba ta tambayi likita ba, ni ma ban tuna mata ba. Ta ga kwamfutar a rufe da zane, ta wuce ta gefe kamar ba ta gani ba, amma tabarmarta kullum tana matsawa kusa da teburin.

Mamman zai zo jibi da janaretonsa, don kada wuta ta yanke ana tsakiyar kwafi. Ya karanta bayaninka har ya haddace, ya ce in gaya maka ya tuba da fomatin. In ta nemi tabbatarwa zan zo ƙarƙashin lema in karanto maka abin da ta nuna. Ka zauna kusa da wayarka.

Ina jin tsoro, Yaya. A da, ni da Ummi ne kaɗai za mu rasa. Yanzu na ɗauko tsohuwa daga garinta na zaunar da ita gaban abin da ban san ko zai yi magana ba. Ka taya mu da addu'a.

Ƙanwarka,
Suwaiba

*

Azare
27 ga Afrilu, 2006

Yaya,

Assalamu alaikum. Bubayero yana jira a waje, ba zan tsawaita ba.

Kwafin ya ci yini guda, tsohon faifan yana kuka yana tafiya. Yana gamawa ya yi shiru, Mamman ya ce ba zai sake tashi ba. Sauran ka sani, ta nemi lamba, ta nemi tabbatarwa. Da na dawo daga waya Mamman ya buga abin da ka karanto mini, ta karɓa. Na ce ya kashe kafin ta ƙarasa buɗewa. Sallamar safe ce, a bar ta sai safe.

Yau bayan mun karya Mamman ya dawo, na kunna. Babu ƙas-ƙas. Hotonsa ya fito, sai muka ji, "Salamu alaikum, mutanen gidan nan. An tashi lafiya?" Har dariyar, ba abin da ya ragu.

Ummi ta buɗe baki, sai Hajiya ta riga ta. Ta ce, "Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Gali."

Sunansa ta faɗa, Yaya, a gabana, a gaban Mamman. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, na matsa na zauna kusa da ita, ba ta ture ni ba.

Da ta natsu ta ce, "Gobe ma zai yi?" Na ce kullum, in Allah ya yarda. Ta ce to in rubuta wa Hauwa ta kula mata da kaji.

Allah ya saka maka da alheri. In ka zo Sallah, ka zo da sassafe.

Ƙanwarka,
Suwaiba